Kafin Yeseniya Ta Yaye 'Yarta

Shisha, Makka
Laraba bayan La'asar, cikin watan Rajab

Zuwa ga Mujahida, sanyin idona, inuwata ranar da duwatsun Makka suka ɗauki zafi, furen Ɗa'ifa da aka tsinko da asuba raɓa ba ta bushe a kansa ba. Mai ɗakina, uwar Basma, mafarin duk wani farin ciki da na sani.

Assalamu alaiki ya habibti. Ina gaishe ki gaisuwar ƙasar da ta ji ƙamshin ruwan sama tun bai sauko ba. Yaya ruwan zafi? Yaya wurin ɗinkin, ya daina ja idan kin miƙe? Yaya 'yar mutuniyata mai sunan mahaifiyata, wadda kika laƙaba wa Basma don ki fid da ni daga kunyar kiran sunan? Tana barin ki ki runtsa kuwa, ko ta gado ubanta wajen son magana?

Kada ki yi mini dariya don na ɗauki biro, alhali tsakanin Shisha da Utaibiyya tafiyar taksi ce da ko shayi ba zai huce ba. Tun da kika koma gidan Inna wankan jego ban samu na yi miki magana ni da ke kaɗai ba. In na kira waya, ina jin numfashin ƙannenki a bayanki. In na zo, a zaunar da ni a majalisi, ɗakin baƙi, tare da yayanki ya cika ni da labarin ƙwallo, ke kuma ki leƙo ki zauna bakin ƙofa, ni ina ta kallon kafet don kunyar surukai. Sai in tashi da maganata a ciki kamar yadda na zo da ita. Shi ya sa na rubuta, kuma da Hausar boko, wadda ke kika koya a Zariya wurin gwaggonki, ni kuma na koya a hannun alhazai. Ƙannenki da Larabci ya cinye wa harshe, ko sun tsinci takardar nan ba za su wuce layin farko ba.

Ya galbi, zuciyata, gidan nan ba ke a ciki rijiya ce da ruwanta ya janye. Ina buɗe ƙofa shiru ke tarye ni. Turarenki na nan a jikin labule yana raguwa kullum, ni kuwa na ƙi buɗe taga don kada iska ta ƙarasa kwashe mini shi. Ruwan da aka yi makon jiya ya sa duwatsun bayanmu sun yi kore shar, har mutane na tsayar da mota suna ɗaukar hoto. Na hau rufin bene na duba, na ce to, wa zan nuna wa? Mene ne amfanin kore idan idon da nake ganin kyau da shi yana Utaibiyya? Tattabarun da kike zuba wa gero suna sauka bakin taga, su leƙo, su ga ni ne, su tashi. Ko su sun san bambanci!

Amma ba kuka na zo yi miki ba. Ina cikin murnar da ban taɓa sanin irinta ba, kuma ita ce ta sa nake so in tuna miki wani abu, sannan in roƙe ki wani abu.

Kin tuna yadda maƙwabtanmu na hawa na biyu suke lokacin da suka tare? Ƙofa na kallon ƙofa, mazan duka ɗalibaina ne a makarantar da muke koya wa baƙi Larabci: Wahyudi mutumin Jawa ta Indonesiya da matarsa Ningsi a dama, Hernan mutumin Kolombiya da matarsa Yeseniya a hagu. Ban taɓa ganin mutum biyu da suka kai su saɓani ba. Hernan in zai gaishe ka sai ya rungume ka har haƙarƙarinka ya yi ƙara, muryarsa kuwa tun daga bakin titi ake jin ta. Wahyudi sai ya rusuna, ya taɓa yatsunka da hannu biyu ya mai da su ƙirjinsa, kuma komai ka ce masa amsar ɗaya ce, murmushi da "na'am, Ustaz", ko da a ransa a'a ce. Da farko laɓewa yake yi a bayan ƙofa har sai ya ji Hernan ya sauka, don tsoron runguma. Hernan kuma ya zo yana tambayata wane laifi ya yi wa bawan Allahn nan. Gahawa ce ta fara haɗa su, ita ma da gardama: kowa ya dage ta ƙasarsu ce ta fi ta kowa a duniya. Suka kawo mini in raba, na zuba musu tamu ta nan a ƙaramin finjali, suka kurɓa, suka dubi juna, a karon farko suka yarda da abu ɗaya, wai wannan ba gahawa ba ce, maganin mura ne. Daga nan abota ta ƙullu. Da matansu suka haihu a wata ɗaya, Ningsi namiji, Yeseniya mace, sai suka fara kiran juna suruki, suna tsara bikin yaran tun ba su iya zama ba. Hernan ya ce a garinsu za a yi, a yanka shanu, a gayyato unguwa. Wahyudi ya ce na'am yana murmushi, wato a Jawa za a yi.

Sai ranar nan ta Hajjin bara waccan. Ningsi ta ji innarta na cikin alhazan da aka sauke a Aziziyya, ta bar jaririnta wurin Yeseniya da hantsi, ta ce yanzu za ta dawo. Ba ta san Makka a kwanakin Mina ba! Aka rufe hanyoyi, motoci suka tsaya cik, ba ta iso ba sai da rana ta kusa faɗuwa, a ƙafa, takalmi a hannu. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ya ƙi kwalba, ya ƙi ruwa. Yeseniya ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta ɗora shi a ƙirji gefe guda, 'yarta a ɗaya gefen, duk sanda ya farka ta ba shi ya ƙoshi. A ƙauyen kakarta haka mata ke yi wa juna, kamar aron gishiri. Ba ta daɗe da shiga Musulunci ba, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wannan wani abu ne.

Ina daga sama ina jiyo ku a matakala. Yeseniya na ba da labari da guntun Larabcinta, tana cike sauran da hannu. Ningsi ta rufe baki da hannu, har Yeseniya ta tsorata, ta ɗauka cutar yaron ta yi. Ke kuwa kika ajiye kwanon da ke hannunki, kika zauna a kan matakala, kika ce da su: "An fasa biki, ango ya zama ɗan'uwan amarya." Sannan kika fashe da dariya. Ya Allah, wannan dariya taki! Kamar an ɓalle bakin ƙorama a saman dutse, kamar ƙanƙara na zuba a kan faranti. Na ji ta ta hauro bene ta same ni inda nake tsaye, na dafa bango, na ce a raina: wace irin sa'a ce ta sa wannan murya take kwana a ɗakina?

Ba a jima ba Hernan ya hauro wurina hankali a tashe, Wahyudi na biye da shi. Ya ɗauka wani babban zunubi matarsa ta yi, yana tambayar azumi nawa za su yi. Na zaunar da su na bayyana masa cewa a addininmu yaran da suka sha nonon mace ɗaya 'yan'uwan juna ne har abada, ba aure tsakaninsu, matarsa ta zama uwar wannan yaro, shi kuma ya zama ubansa. Wahyudi ya tambaya a hankali ko sau nawa aka sha, don a mazhabarsu sai an cika biyar, na ce a tamu ta gida ko sau ɗaya ya isa. Aka aika a tambayi Yeseniya. Ta ce ita ba ƙirga ta tsaya yi ba, yaro na kuka, amma ya wuce yatsun hannu ɗaya. Wahyudi ya ce to, magana ta ƙare ta kowace ƙofa.

Daga nan sai Hernan ya ba mu labarin al'adarsu. A ƙasarsu, in mutum ya haihu yakan zaɓi amininsa ya tsaya wa jaririn a coci, daga ranar sun zama dangi, suna kiran juna kompadre, zumuncin da wani lokaci ya fi na jini ƙarfi. Shi kuwa tun da ya musulunta mahaifinsa ya daina ɗaukar wayarsa, kuma da aka haifi 'yarsa abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ta da wanda zai tsaya mata haka. Ya share ido da hannun riga ya ce: "Ustaz, na ɗauka na baro wannan a baya har abada. Ashe yana nan yana jirana a hawa na biyu." Sai Wahyudi, mai laɓewa a bayan ƙofa, ya miƙe da kansa ya rungume shi.

Da Magariba ta wuce muka shimfiɗa tabarma a rufi, ni da ke, hasken Mina na tashi daga nesa. Lokacin shekararmu shida da aure, Allah bai ba mu ba. Ke kika koya wa matan nan biyu goyo da zani, ke kike ɗaukar 'ya'yansu a bayanki in suna girki, bayan naki kuwa ba kowa, kuma ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba ko a mafarki. Kika jingina kanki a kafaɗata kika ce: "In Allah ya ba ni, ɗana ba zai zama baƙo a benen nan ba. Shi ma sai ya shiga cikinsu." Na ce amin. Wace mace ce za ta yi wa wasu murna haka da hannu wofi, in ba ke ba? Wace bishiyar dabino ce ke ba da inuwa haka tun ba ta yi 'ya'ya ba?

Ba ki san iyakar abin da wannan rana ta haifar ba, don rabinsa a ajina ya faru. Da can ajin a rabe yake kamar an ja igiya. 'Yan Asiya a dama, na Indonesiya da Malesiya da Filifin, sun haddace nahawu tun suna yara amma ba mai buɗe baki. 'Yan Latin Amurka a hagu, na Kolombiya da Meziko da Birazil, ba ƙa'idar da ba su karya ba amma ba sa tsoron magana da kowa. Na yi ta dabara in cakuɗa su, na canja kujeru, na yi lallashi, na yi faɗa, in na juya baya kowa ya koma wurin nasa. Da labarin nonon nan ya bazu, sai na shigo wata safiya na tarar sun zauna bibbiyu da kansu, kowa da kompadrensa. Wannan na gyara wa wancan wasali, wancan na tura wannan ya je ya yi ciniki a kasuwa shi kaɗai. Da idona na ga wani ɗan Malesiya da ban taɓa jin muryarsa ba yana gardama da mai taksi, hannu na tashi sama kamar ɗan Meziko. Da kunnena na ji ɗan Birazil na karatun Alƙur'ani da irin sautin mutanen Jawa, har na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Abin da na kasa da alli da allo, wata mace ta yi shi ba ta sani ba, wata kuma ta sa masa albarka da dariya. A hawa na biyu kuwa yanzu Ningsi ke gasa wainar masarar Kolombiya, Yeseniya na dakan yajin Jawa tana hawaye, kuma sun gano shinkafa da kwakwa da soyayyar ayaba, da kowacce ta ɗauka tasu ce su kaɗai, ashe teku biyu ne suka raba girki ɗaya.

To ga abin da ya hana ni sukuni, ya nurul aini. Hernan ya gama karatu. A makon farko na Sha'aban za su tashi, kuma Allah kaɗai ya san ko za su sake ganin Makka. Ningsi ta daɗe da yaye nata. 'Yar Yeseniya ta kusa shekara biyu, tana cin komai, haƙora sun cika mata baki, amma uwarta ta ƙi yaye ta. Tun ranar da ta ji kina da ciki ta ce ba za ta bari nonon ya ƙafe ba sai naki ya iso. Ningsi na dafa mata miyar wani ganye na ƙasarsu mai kawo nono, tana sha tana yamutsa fuska, tana zagin ganyen da harshensu, ta miƙa kwano a ƙara. In Basma ta sha a wurinta, ta zama 'yar'uwar yaran nan biyu a lokaci guda, yaya mace a Kolombiya, yaya namiji a Jawa. 'Yarmu da kakanninta suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa don su ga Ɗakin Allah, ta tashi da dangi a gabas da yamma tun ba ta san sunanta ba!

Na aika gwaggona ta taɓa wa Inna maganar. Inna ta ce nono na ɗauke da hali, ita kuwa ba ta san asalin wannan mata ba, don haka ba a gidanta ba. In kin koma ɗakinki, mu muka sani. Sai kuma ta ce saboda ɗinkin ba za ki dawo ranar arba'in ba, sai bayan ƙaramar Sallah. Inna ba yarinya ba ce, ta san kafin nan jirgi ya tashi. Ban ga laifinta ba, wallahi. Ita ma ta jira wannan jika kamar yadda muka jira, kuma ita ta tsaya a ƙofar ɗakin tiyata tana ja miki carbi. Amma in har nono na ɗauke da hali, wane hali zan so wa 'yata da ya wuce na macen da ta ji kukan ɗan maƙwabta ta buɗe masa ƙirji ba ta tambayi ƙabilarsa ba?

Ba Inna ce ta fi damuna ba, ke ce. Ranar da na gilma da maganar a gabanki, kin sunkuyar da kai, kika ƙara jawo Basma jikinki. Na gani, ko da yake kafet nake kallo. Na san alkawarin da aka yi hannu wofi daban yake da ranar da hannu ya cika. Ke kika ɗauke ta, ke aka tsaga, ke kika yi shekarun nan kina goyon na wasu. In zuciyarki ba za ta iya ganin ta a ƙirjin wata ba, ko na ɗan lokaci, haƙƙinki ne, kuma ba wanda ya isa ya ce kin saɓa. Ki faɗa mini kawai. Ni zan sauka da kaina in gaya musu da lafazi mai daɗi, ba kuma zan sake tayar da maganar ba har mu tsufa. Ba abin da zai ragu a tsakaninmu, ko ƙwayar gero.

In kuwa har yanzu maganar rufin nan na raye a ranki, to ga abin da na shirya. Ba zan raba ki da kulawar Inna ba, ita zan roƙa ta biyo ki. Na kwashe ɗakin littattafaina kaf, ni da kike cewa ko gobara aka yi su zan fara fitarwa kafin ke. Ɗalibai suka yi layi a matakala suna miƙa wa juna har rufi. Na sayi gado mai taushi da ƙatuwar tukunyar dafa ruwan wanka. Maƙwabtanmu suka ce su za su yi fenti. Hernan ya kawo ruwan ɗorawa mai kashe ido, wai haka gidajen garinsu suke, tsohuwa za ta ji kamar an mai da ita budurwa. Wahyudi ya dubi gwangwanin, ya dubi bango, ya ce: "A'a, kompadre." Duk muka daskare. Hernan ya jefar da burushi ya yi kabbara, ya ce yau karatunsa ya cika, ya koya wa mutumin Jawa a'a. Ɗakin dai ya zama shuɗi mai sanyi irin na sama bayan Asuba, kuma yana jiran Inna.

Mujahida, rumman ɗina mai cike da ƙwaya, iskar dutsen Hada da ke saukowa da yamma ta huce gari, watana da ba ya ramewa: ki dawo. Ki dawo ko da wannan magana ko babu ita, don ni kam na gaji da cin abinci a tsaye. Yaushe zan ji motsinki a kicin? Yaushe zan karanta wa Basma alif da ba'u tana barci a ƙirjina, kina ce mini in bar yarinya ta huta, ba ɗalibata ba ce? Yaushe zan dube ki ido cikin ido ba yayanki a tsakani?

Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo da gwaggona mu durƙusa gaban Inna. Amma ba zan buɗe baki ba sai na san abin da ke ranki, don ba zan roƙi uwa abin da 'yarta ba ta so ba. Ki rubuta mini kalma ɗaya a bayan takardar nan, ki sa a ƙarƙashin kwanon abincin da za a aiko mini gobe. Kullum da safe Hernan na tsaye a matakala in zan fita. Ba ya tambaya, kallona kawai yake yi. Jiya ne ya ba ni saƙon matarsa, ya ce in isar miki da shi yadda ta faɗa: "A gaya wa 'yar'uwata ba na gaggauta ta. Ina nan riƙe da shi har ranar da za mu hau jirgi."

Na isar. Saura naki. Duk kalmar da na tarar a ƙarƙashin kwanon nan zan sumbace ta kafin in karanta, don hannunki ne ya rubuta.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa zuwa Harami a yi mini salla, kuma ina roƙon Allah ya sa in zama naki a bayan wannan ma,

Abdulilah, uban Basma